Kada Ka Yarda da Katanga Mai Taya

Ba ni da niyyar koya wa direban tirela inda zai kwana. Mutumin da ya shekara ashirin yana kai-komo tsakanin Legas da Kano ya san kowane rami da kowane mai shayi a hanyar, kuma kwana ɗaya ko a kan bencin mai faci ana yin sa. Maganata a kan dogon zama ce, irin wanda ke faɗo wa mutum a gefen Minna ba shiri, ya wayi gari kan motarsa ya zama ɗakin kwana, ƙarƙashinta ya zama zaure, har mai ƙosai ta daina tambayarsa na nawa za a zuba. In ka tambayi direbobi abin da ake dubawa kafin a yada irin wannan zango, za su ce tsaro, su ce abinci, su ce kusa da bakanike da masallaci, su ce nawa ake karɓa kuɗin fili. Ban ƙi ko ɗaya ba. Amma a ganina duk waɗannan a baya suke. Abin da ya kamata mutum ya fara nema, tun kafin ya kashe mota, shi ne makewayi mai bango huɗu da aka haƙa wa tushe a ƙasa, wanda babu ko ɗaya a cikin bangayen da ke da taya, ko lamba, ko direba.

Dalilin da ya sa zancen ya shafi Minna a fili yake. Neja ta fi kowace jiha a Najeriya faɗin ƙasa, sama da murabba'in kilomita 76,000, kuma ta kwanta ne a kan hanyar kayan da ake saukewa a tashar jiragen ruwan Legas a kai Arewa. A da jirgin ƙasa ke ɗaukar wannan nauyi, Minna ma albarkacin dogo ta bunƙasa, domin a nan layin Baro zuwa Kano da aka kammala a 1911 ya haɗu da wanda ya taso daga Legas. Da dogo ya yi sanyi sai kaya ya koma kan kwalta. Hanyar da ta fi miƙewa, ta Mokwa da Tegina da Birnin Gwari zuwa Kaduna, ramuka da 'yan bindiga sun kore mata jama'a, sai manyan motoci suka karkato ta Bida. Wasu su yanki Agaie da Lapai su ɓulla Lambata, wasu su danno Minna ta Kpakungu su fice ta Chanchaga su nufi Suleja. A 2017 ruwa ya karya gadar Tatabu tsakanin Jebba da Mokwa. A 2020 gwamnatin Abubakar Sani Bello ta hana manyan motoci bin hanyar Minna zuwa Bida. A Satumbar 2021 direbobin tanka suka gaji da lalacewar hanya, suka gicciye motocinsu tsakanin Bida da Lambata kwana da kwanaki. Jaridu sun ba da duk wannan a matsayin labarin hanya da na siyasa. Ban ji wanda ya tambayi inda ɗaruruwan mazan da ke zaune a kan motocin suka yi wanka ba.

Kuma ba sai gada ta karye ake dogon zama ba. Giyabos kaɗai ya isa, ko inji ya buga, ko mai kaya ya ƙi turo kuɗin gas, ko layin tankoki a Maje kusa da defon Suleja. A nan malamanmu sun riga injiniyoyi gane matsalar. A Malikiyya, kamar yadda duk wanda ya karanta Risala ya sani, matafiyin da ya yi niyyar zaman kwana huɗu a gari ya daina kasaru. Wanda kuwa bai ɗaura niyyar zama ba, kullum yana sa ran tashi da zarar buƙatarsa ta biya, yana nan a matafiyinsa ko da zaman ya yi tsawo. To bakaniken da ke cewa “gobe in Allah ya yarda kayan za su iso daga Panteka” yana iya riƙe bawan Allah a raka'a biyu tun ana cin tsohuwar doya har sabuwa ta shigo kasuwar Paiko. A wajen salla wannan rangwame ne, a wajen masauki kuwa shi ne asalin ɓarnar. Filin da ya cika da mutanen da kowannensu gobe zai tafi ba ya samun mai gina masa komai. Direba ba zai gina ba, gobe zai tafi. Mai fili ba zai gina ba, wa zai gina wa, mutanen gobe? Haka ake shekara goma ana zaman kwana ɗaya a wuri guda, kuma abin da ya fi kama da gini a duk filin shi ne tirelar maƙwabci.

Yanzu mu ƙaddara mutum, kai ko waninka, a irin wannan fili a bakin hanyar Bida, ka ɗan wuce Kpakungu, cikin watan Maris, lokacin da zafin Minna ke dosar maki 40 kuma duwatsun garin ke amayar da abin da suka sha da rana har tsakar dare. Kwana biyu ana haƙuri da alwala. A na uku yaron motarka ya fara zama nesa da kai in za a ci abinci. Ka sayi jarka ɗaya a wajen mai garuwa, a jihar da ke da madatsun Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, amma wannan wani zance ne. Ka duba gabas da yamma babu makewayi, sai wani lungu mai kyau tsakanin motarka da wata mai kwantena ƙafa 40, wadda ta tare ka daga titi. Ka ɗaure tamfol a baki ɗaya, ka tsayar da yaron mota a ɗaya bakin, ka ce ko gwamna ne kada ya wuce. Jikin motarka duk ƙurar siminti ne da baƙin mai, saboda haka riga da wando da tawul, har da gajeren wandon da zuciya ta ce a bar shi a jiki, ka rataye su a ƙugiyar motar maƙwabci don ta fi tsabta. Ina roƙon mai karatu ya lura, har zuwa nan babu wauta ko ɗaya. Kowane mataki mai hankali ma zai ɗauke shi, shi ya sa nake cewa laifin na wurin ne.

Ka zuba ruwan farko, ka yi hamdala. Ka cuɗa sabulu a ka har kumfa ta sauko ta rufe ido. A daidai nan wata mota ta tashi. Ba wanda ke firgita da ƙarar inji a filin tireloli, ko yaushe wani na ɗumama mota. Kunne ya ce ƙarar nan fa ta yi kusa, ilimi ya ce a kwantar da hankali, domin kai direba ne, ka san babbar mota da birkin iska take aiki, kuma ba ta motsawa sai an ba ta 'yan mintuna tankin iskarta ya cika. Ka lissafa kana da sararin ɗauraye jiki, ka goge, har ka yi wa maƙwabci Allah ya kiyaye hanya. Abin da ilimin bai gaya maka ba shi ne mutumin ya ɗumama motarsa tun bayan asuba kana barci, iska tana nan cike. Wanda bai san komai a kan birki ba da tuni ya fizge wandonsa. Kai saninka ne ya sa ka ƙara cuɗa bayan kunne. Sai ka ji “tsss”. Duk direban duniya ya san wannan sauti, amma kaɗan ne suka taɓa jin sa da irin kunnen da ka ji shi. Bayansa sai ƙarar katako ana jan sa a ƙasa. An cire waigi.

Da bangon zai tafi farat ɗaya, da da sauƙi. Babbar mota mai lodi da za ta hau kwalta daga gefen hanya ba ta gaggawa, a giya ɗaya take tafiya tana nishi, kuma tafiyar tata hawa uku ce. Ka zaɓi tsayawa ne daidai kan motar, inda tankin gas da tayoyi suka rufe har ƙasa. Su ne suka fara wucewa. Sai cikin tirelar ya iso, kuma duk wanda ya taɓa duban tirela ya san tsakanin tayoyin gaba da na baya sama a rufe take, ƙasa a buɗe. Na tsawon wasu mitoci ke nan motar tana suturta maka daga ƙirji zuwa ka, rabin da shari'a ba ta matsa a kansa ba, tana gabatar da ɗaya rabin ga hanyar Bida. Kai ba ka gani, ido a rufe yake, iska ce kawai ta taɓa gwiwarka ta ɓangaren da ɗazu babu iska. Sai tayoyin baya suka zo a jere, suka mayar maka da sutura na daƙiƙa kaɗan, daidai gwargwadon da zuciya za ta ce wataƙila gyara tsayuwa yake yi. Sannan aka yaye komai kamar labulen ɗakin amarya ranar buɗar kai, rana ta sauka a gadon bayanka.

Kunne ne ke fara kawo rahoto. Cokalin mai shayi, wanda tun asuba yake kaɗawa a kofi ba hutu, ya tsaya. Rediyonsa na ci gaba da labaran safe, amma cokalin ya tsaya. Ka daure ka buɗe ido ɗaya, sabulu ya shiga, cikin hawaye ka ga sauran hukuncin. Doguwar tirela ba ta shiga titi sai an tsayar mata da motoci, hanyar nan kuwa ita ce ta Gidan Kwano, inda Jami'ar Fasaha ta Tarayya take, ga shi safiya ce kowa na sauri. Ashe bangon naka bai tsaya a tafiya kawai ba, sai da ya tara maka 'yan kallo ya jera su sahu-sahu. Ga bas cike da ɗalibai, ga 'yan acaɓa, ga wani Alhaji a bayan mota mai sanyi yana sauke gilashi don ya tabbatar, ga matan Gwari ɗauke da doya a kafaɗa, waɗanda suka dube ka sau ɗaya suka ci gaba da tafiyarsu, su kaɗai ne masu tarbiyya a wurin. Yaron motarka yana nan daram inda ka ajiye shi, ya ba ka baya, ya harɗe hannu, yana tsaron bakin lungun da babu shi yanzu. Gaskiya dai gwamna bai wuce ba. Yaron ɗaya motar kuma ya zo a guje da waigi a kafaɗa zai kama bayan tirelarsu, ya kalle ka, tarbiyyar gidansu ta motsa, ya ce, “Sannu da aiki, Oga.”

Na daɗe ina nazarin abin da ya fi dacewa mutum ya yi a wannan daƙiƙa, ban ga mafita mai kyau ba. Hannu ya kai ga ƙugiya, babu ƙugiya. Tana can tana hawa kwalta, wandonka na kaɗawa a jikinta, ya kama hanyar Legas ba tare da kai ba. Saura bokiti. Bokiti ɗaya ne, al'aurar namiji kuwa daga cibiya zuwa gwiwa ce, kuma malamai ba su ce ta gaba kaɗai ba. In ka jingina da motarka ita ma ƙasanta a buɗe yake, ta can baya kuwa direbobi ne ke karyawa. Bokitin kuma da ruwa a ciki, ruwan da ka saya da kuɗinka, wanda shi kaɗai zai buɗe maka ido. In ka zubar ka samu garkuwa ka rasa gani, in ka ɗaga shi da ruwansa hannu biyu sun tafi. Tsugunno ya fi komai rufin asiri, sai dai mai tsugunno ba ya zuwa ko'ina, jama'a kuma suna da lokaci, tirelar ba ta gama juyawa ba. A rarrafe zuwa ƙarƙashin mota ake ƙarewa, jiki mai sabulu kuwa in ya gamu da ƙurar siminti da baƙin mai, abin da aka fara da sunan wanka ya koma yaɓe. Daga can ƙasa, da ido ɗaya, abu na ƙarshe da za ka gani shi ne rubutun bayan motar da ta tafi, da jan fenti, wai haƙuri maganin zaman duniya.

Kuma “tsss” ɗin nan ba ya ƙarewa a ranar. Yana dawowa cikin salla, yana dawowa in an buɗe kwalbar lemo. Kowace dawowa da tambayarta: tsakanin “tsss” da jan waigi akwai daƙiƙa nawa, kuma don me aka ƙarar da su a bayan kunne? Da hannu ya miƙa a lokacin, da wando ya zo. Da baki ya ce “Direba, tsaya!” da ya ji, tagarsa bisa kanka take. Amma mutum in ya tuɓe ba ya son ɗaga murya, gani yake shiru ma wani yanki ne na sutura, shi ya sa ya kame bakinsa har bango ya tafi.

Sai masu shawara, su ne kuwa ladan abin. A ƙasar nan in mutum ya faɗi ba a rasa mai ɗaga shi, amma sai an gama yi masa bayanin yadda aka yi ya faɗi. Mai shayi ne ke fara durƙusowa ya leƙo ƙarƙashin mota, kofi a hannu: “Haba Oga, ai da ka tambaye ni. Tun daren jiya na san zai tashi, ya biya ni bashina kaf.” A duba zurfin wannan magana. Filin ba shi da allon sanarwa, ba shi da rajistar shiga da fita, amma akwai littafin bashin mai shayi, kuma ba ya kuskure, domin direba ba ya biyan bashin shayi sai ranar tashi. Aibin littafin ɗaya ne, ba a karanta wa mutum shi sai yana kwance a ƙarƙashin mota. Mai faci ya ce shi ma ya sani, jiya da magariba ya ba tayoyin iska. Baba maigadi, wanda ya yi yaron mota a zamanin gingimari mai bodin katako, ya girgiza kai: “Ɗana, mu a lokacinmu ba a wanka a kan hanya, sai an koma gida.” Aka tambaye shi tafiyar kan kai kwana nawa, ya ce wani sa'in wata biyu, kowa ya ɗan ja da baya. Wani ustazu mai wucewa ya tsaya ya warware hukuncin bayyana al'aura dalla-dalla, daidai yake, ba mai ja da shi, hiraminsa kuma yana kafaɗarsa har ya gama. Wani Banufe ya tambayi yaron mota Ogan nasa ɗan ina ne, aka ce Katsina, sai ya ce to alhamdu lillahi, shi ya ɗauka tsautsayi ne, ashe al'ada ce.

Wadda ta fi burge ni ita ce ta ɗalibin da ya zuro kai ta tagar bas: “Baba, fuska za ka rufe! Fuskar ake ganewa!” Na auna wannan shawara da adalci, kuma a zamanin da kowane aljihu ke da kyamara ta fi sauran duka hankali, domin abin da zai kai labarin Funtuwa kafin azahar fuska ce. Matsalarta kawai ta iso ne lokacin da hannu biyu ke bakin aiki. Mai ƙosai ita ba ta ba da shawara. Za ta kau da kai, ta jefo tsohon zanen da take rufe kwano da shi, ta ce, “Ungo, bawan Allah,” ta koma kan kaskonta. Da wannan zane mai furanni ne babban direba zai fito gaban jama'a, a daidai lokacin da mai karɓar kuɗin fili ya iso da tikitinsa yana tambayar na yau. Direbobi kuma ba sa mantuwa. Daga Mokwa har Mararrabar Jos, uwarsa kaɗai ke kiran sunansa na yanka, kowa Oga Mai Zane ya sani.

Na san abin da za a ce. Za a ce a jihar da aka sace ɗalibai a Kagara a Fabrairun 2021, aka sake kwashe na Islamiyya a Tegina a watan Mayu, wanda ya sa wanka gaban tsaro bai san inda yake ba. Wannan magana ce mai nauyi, ba ta wasa ba, kuma ni ma rai na fi so a kan wando. Amma baƙon da ya iso da magariba ba ya ganin tsaro da ido. Duk filin da ka tambaya za a ce maka ba matsala, mu nan ko allura ba ta ɓata. Makewayi kuwa ana ganin sa, ana ƙwanƙwasa bangonsa. Wanda ya sa bulo da siminti a fili yana da iko da filin, kuma yana sa ran baɗi ma yana nan. Inda akwai makewayi mai aiki akwai rijiya ko burtsatse, akwai magudanar da za ta hana mota nutsewa a damunar Agusta, akwai wanda ake biya ya wanke shi, wato akwai ido a wurin dare da rana. Mutumin da ya kashe wannan kuɗin shi ne zai sa fitila da shinge, don ya kare abin da ya kashe. Tsaron da kake nema ta ƙofar makewayin za ka gane ko akwai shi.

Za a kuma ce ya tafi otal mana, ko masallaci, ko gidan mai. Wanda ya faɗi haka bai taɓa barin mota mai lodi a bakin hanya ya dawo ya ƙirga batir da safaya da abin da ya rage a tankin gas ba. Bayin masallacin unguwa don alwalar masu salla aka yi shi, ba zai ɗauki ayarin tireloli ba. A Tarayyar Turai dokar 2020 ta hana direba yin hutunsa na mako, mai awa 45, a cikin mota, kuma mai motar ne zai biya masauki. A je a karanta wa wani mai mota a Kano wannan doka, a dawo a ba mu labari. Masu cewa direba ai namiji ne, daji ma gida ne, su tuna wanka ne kawai ɓangaren da ake iya rubutawa a mujalla. Ɗaya buƙatar tana nan, kullum, ga kowane mutum a filin, kuma bayan gidajen unguwa take ƙarewa. A 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a umarnin kawo ƙarshen bahaya a fili zuwa 2025, binciken 2021 ya ce mutum miliyan 48 ke yi, Jigawa ce ta fara tsallakewa a 2022. Ba na jin akwai wanda ya ƙirga da masu kwana a kan tirela. Gidan wanka da bahaya kuwa sana'a ce mai ci a kasuwannin Kano, ba sadaka ake nema ba.

Akwai masu cewa wannan son jiki ne irin na Amurka. Gaskiya ne a can mutum kan sayi mota mai ɗaki da kicin ya zauna a cikinta da gangan, ba giyabos ne ya ajiye shi ba. Suna da filaye na haya na kwana ko na wata, kowace mota da famfonta, da wutarta mai amfiya 30 ko 50, da bututun da za ta juye ƙazantarta. Kamfanin KOA tun 1962 ya fara wannan sana'a a Billings ta jihar Montana. A yawancin filayen gwamnatin tarayya kwana 14 ne iyaka, wasu masu filaye kuma ba sa karɓar motar da ta wuce shekara goma, dokar da in aka kawo ta hanyar Bida da wuya a bar kowa a filin sai mai shayi. Direbobin tirelarsu ma suna da irin Iowa 80, wadda aka buɗe a 1964, mai ɗakunan wanka da wanzami har da likitan haƙori. Ni ban nemi likitan haƙori ba. Kuma ba sai mun je Amurka koyo ba. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro, madugunsu da ruwa da makiyaya yake zaɓen zango, a gari kuma fatoma ke ba baƙo ɗaki ya ajiye masa kaya. Zangunan Kumasi da Akara sun zama unguwanni ne saboda wani ya yarda cewa baƙon da ke cewa gobe zai tafi yana nan har baɗi, ya gina masa. Jaki ma an san yana buƙatar wurin shan ruwa. Da aka musanya shi da mota mai taya ashirin da biyu sai aka manta da mutumin da ke kanta.

Hujja mafi ƙarfi da aka kawo mini ita ce ta bakanike, kuma saura kaɗan ta kayar da ni. Ya ce duk wannan dogon Turanci ne, ba a buƙatar bulo ko ɗaya. Abin yi kawai mutum ya san bangon da zai zaɓa. Ya nemi motar da ta mutu murus, wadda injinta ke ƙasa, ciyawa ta fito tsakanin tayoyinta, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta, direbanta ya kusa yin aure a unguwar. Wannan, in ji shi, ta fi gini ƙarko. Na yarda ta fi mai rai. Amma ita ma wani bakanike ne ke ce mata gobe, kuma goben bakanike, duk da ba a san ranarta ba, tana zuwa, ba a kuma aika wa mai wanka goron gayyata. In ma gyara ya gagara, akwai ranar da mai ita zai gaji ya sayar wa 'yan gwangwan, su turo janwe da sassafe don su kauce wa cunkoso. Matacciyar mota ma ta fi haɗari, domin in an zo jan ta ko “tsss” ɗin ba za ta yi maka ba.